Barkar da Ta Gagari Tahiru

Akwai wani tsohon direban babbar mota a unguwar Zango ta Damagaram, sunansa Tahiru. Ya ci ƙasashe da mota, shi ya sa in ya zauna a fada, wurin shan shayi, ba mai samun damar buɗe baki.

Labarin da ya fi ji da shi na kalmar "barka" ne.

"Asalinta albarka ce ta Larabci," in ji shi. "A Wagadugu, garin Mosawa, in ka yi wa mutum alheri ya ce barka, godiya yake. A Tamanrasat in Larabawa suka ce barka, wai ya isa haka, a daina. Mu kuwa da ita muke taya juna murna."

Sai dai gwanin nan ya yi shekaru bai ce wa ƙanensa Habu ko sannu ba, saboda wani mangwaro da ke kan iyakar lambun gadonsu a Mirriya, inda Habu ke zaune. Abin kunya, iccen ma ya daɗe da daina 'ya'ya.

Rannan aka aiko an yi wa Habu haihuwa, bayan ya daɗe yana nema. Kowa ya san in wa bai je barka kafin suna ba, zumunci ya yanke ke nan. Tahiru ya yi kamar bai ji ba.

Ana gobe suna, matarsa Aliya ta kawo masa fura.

"Malam, na ji ka san barkar Mosawa da ta Larabawa. Ta Mirriya ce kuɗin mota ya hana?"

Furar ta ƙi shayuwa. Ya sa hula ya nufi tasha.

Ya tarar da Habu a zaure. Bakin da ba ya gajiya a fada ya yi nauyi. Da ƙyar ya ce, "Barka."

"Barka kadai, Yaya."

Habu ya shiga gida ya fito da jariri a zane.

"Ba a yi masa huɗuba ba tukuna. A gidanmu babba ne ke raɗa wa yaro suna. Liman ya yi ta faɗa, na ce a jira ka."

Tahiru ya karɓi yaron. Kunya ta kama shi, hawaye suka riga shi magana.

Darasi: Sanin kalma a harsuna da yawa ba ya gyara komai sai ka kai ta ƙofar wanda ke jiranta. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila wani na zaune a zaure yana jiranku.