Tashar da Ilu Ya Ƙi Kallo

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na kama suna ba. Ilu ake ce masa, mai ɗaura eriya. Lokacin da aka ce za a kashe tsohon layin talabijin, wanda bai sa sabon akwatin kama tasha ba sai dai ya kalli yashi, Ilu ke bi gida-gida yana haɗa akwati, ya hau rufi ya juya eriya. Kuma ba ya taka tsani sai ya ɗaga murya: "A kimtsa, za a hau sama!" Don wanda ke kan rufi, tsakar gidan kowa a tafin hannunsa take.

To, ku saurara. Akwai wani Gambo, sana'arsu ɗaya, ya ga aiki na bin Ilu, sai ya baza a gari wai leƙen matan mutane yake yi. Kai, hassada! Gida bayan gida aka rufe wa Ilu ƙofa. Har surukinsa ya aiko cewa 'yarsa ta tattara kayanta ta dawo.

Ana cikin haka, rana tsaka, wata tsohuwa ta tare shi. "Ɗana, zo ka haɗa mini tawa eriyar."

Gidan can bayan gari ne, tsit, ko kaza babu. Ya jona akwati, ya yi kiran da ya saba duk da ba maƙwabci ko ɗaya, ya hau. Yana juya eriya yana tambaya, "Iya, ya kama?"

"Ya kama," aka ce. Ba daga ƙasa ba, jama'a. Daga bayan kunnensa.

Ya sauko. Ta ƙofar ɗaki ya hango hasken talabijin, filogi kuwa ga shi yashe a ƙasa, bai ma soka ba.

Tsohuwa ta ce, "Shigo, ɗana. Wannan tasha ba kowa ke samunta ba. Cikin ɗakin Gambo ne. Kallo ɗaya, ka sami abin rufe masa baki, matarka ta zauna."

Ku faɗi gaskiya, wa zai kau da kai a cikinku? Ni kam ban shaidi kaina ba!

Ilu na jin muryar Gambo tana fitowa ƙasa-ƙasa, kamar mai roƙon wani. Sai ya runtse ido, ya tuɓe riga, ya lalubi gilashin ya lulluɓe.

"Iya, a kan rufi ma ban kalli abin da ba nawa ba, balle a ƙasa."

Ya ji numfashinta sanyi ƙalau a wuyansa. "Ka tsira. Mai kallon na wani, tasha ta gaba gidansa ce. Da ka duba, ranar da aka kunna sabon layi duk garin nan ɗakinka za su kalla."

Ya buɗe ido. Kango ne. Ba tsohuwa, ba talabijin, sai rigarsa a kan fasasshen turmi.

Za ku ce, matar fa? Ta tafi, ta daɗe kafin ta dawo, kuma wallahi ya ji jiki. Amma har ya koma ga Allah ba a taɓa jin asirin gidansa a bakin duniya ba.

Wanda ya rufa asirin wani, Allah zai rufa nasa. Ku kuwa ba sai an kai ku kango ba, taku tashar tana aljihunku. In an turo muku tonon asirin wani yau, ku tsaya kafin ku danna. Kowanenmu nan yana da ɗakin da ba ya so a gani.