Mutumin da Ya Amsa Kowace Ganga

Magabata sun ce ƙarya fure take yi, ba ta 'ya'ya. Da alama ba su taɓa ganin wadda ake yi wa ban-ruwa safe da yamma ba.

Akwai wani mutum mai 'yan awaki, yana zaune shi kaɗai a bakin gari. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun tafi birni, sai gaisuwa suke aikowa ta bakin direba. A garin akwai tafki guda wanda ba ya ƙafewa da rani, nan dabbobin kowa suke sha. Al'adar garin kuwa ita ce, in magana ta taso wadda ta shafi kowa, makaɗin gari ya buga ganga, magidanta su taru a gindin tsamiya, a ɗaga hannu. Abin da masu rinjaye suka ce, shi ke nan. Wanda bai zo ba, an ɗauka ya yarda.

Akwai kuma wani mai lambu da yake so ya kewaye tafkin da shinge, ya zama nasa. Ya san in aka ɗaga hannu, ko na surukinsa ba zai samu ba. Bai yi faɗa da kowa ba, gama mutum ne mai ladabi. Sai ya sayi ganguna uku, ya raba wa waɗansu zauna-gari-banza, ya haɗa musu da goro.

Washegari ganga ta yi ƙara, wai a zo taro a kan tafki. Mutane suka bar aiki suka zo, ba su tarar da wanda ya kira su ba. Aka kwana biyu, wata ta ce an ɗage taron. Wata ta zaga unguwar yamma tana shela cewa mutanen gabas sun sayar da tafkin a ɓoye, ta kuma zaga gabas ta faɗi haka a kan mutanen yamma. Gaisuwa ta gajarce a kasuwa. Makaɗin gari ya fito ya yi shela cewa waɗancan gangunan na ƙarya ne. Kafin ya kai ƙofar gidansa, wata ta amsa cewa ai shi ne aka saya.

Mai awakin nan kuwa, duk gangar da ta kira, sai ya ɗauki sandarsa ya tafi. Yakan zauna a gindin tsamiya shi da inuwarsa, har ita ma ta gaji ta matsa, sa'an nan ya koma gida.

Maƙwabcinsa ya ce masa, "Baba, yau ma taro ne?"

Ya ce, "Ganga ta kira."

"Wacce daga ciki? Duk maƙaryata ne, Baba. Mu dai kanmu ya waye."

"To, in ta gaskiyar ce fa?"

"In ita ce, ka gaishe mana da tsamiya."

Ana nan sai ranar gaskiya ta zo. Makaɗin gari ya buga har hannunsa ya yi tsami. Mai awaki ya iso, ya tarar da mai lambu a kan tabarma, da masu gangunan nan uku, sun sha wanka. Ba kowa kuma sai makaɗi.

Mai awaki ya ce, "A jira mutane."

Mai lambu ya ce, "Baba, an buga ganga ko ba a buga ba? Akwai wanda aka toshe wa kunne?"

Babu. Sai aka ɗaga hannu bisa ga al'ada, makaɗi yana ƙirgawa. Hannu huɗu suka ce a ba mai lambu tafkin. Mai awaki ya ɗaga hannunsa biyu a kan bai yarda ba, aka ƙirga masa ɗaya.

Da rani ya yi, mutane suka koro dabbobinsu suka tarar an kewaye tafkin da ƙaya. Suka zo wurin mai awaki da fushi, suka ce, "Me ya sa ba ka gaya mana ba?" Ya ce, "Na gaya muku." Suka ce, "Ai mun zaci kai ma an ba ka goro." Rafi yana da nisa, ƙafarsa kuma ta tsufa, sai ya sayar da awakin ɗaya bayan ɗaya. Daga nan ba mai amsa masa magana a gidan.

Ma'anar wannan misali ita ce, tafkin shi ne abin da muka haɗa muka mallaka, wato ƙasa da hakkin zaɓen masu riƙe ta. Gangunan suna cikin aljihunku yanzu haka, na ji ɗaya ta yi kuka lokacin addu'a. Ku lura, mai lambu bai damu ko kun gaskata ƙaryarsa ba. Abin da yake nema shi ne ku gaji, ku zargi juna, ku ce duk ɗaya ne, ku zauna a gida. Bai saci hannun kowa ba. Masu hannun ne suka bar su a aljihu.

Ni ma ba na saurin yarda da magana, kun san ni. Amma akwai shakkar da take ɗaukar sanda ta je ta duba, akwai kuma wadda take miƙe ƙafa a tabarma tana kiran kanta wayewa. Mai awaki ba ya fi kowa wayo ba ne, shi aka fi ruɗa ma. Sai dai shi kaɗai ya je. Da maƙwabta biyar sun raka shi, da yau awakinsa suna shan ruwa.

Saboda haka, 'yan'uwa, saƙon da ya shigo wayarka yana cewa "tura wa kowa da gaggawa", ka tambaya wa ya sayi gangar. In ka tura abin da ba ka tabbatar ba, shaidar zur ka yi, ko da da babban yatsa ne. Masu ganga uku aƙalla sun sami goro. Kai da kuɗin datarka ka yi.

Zaɓen dattawan ikilisiya ranar Asabar ne, bayan addu'ar safe. Na ga saƙon da yake yawo cewa an ɗage. Ba a ɗage ba. Cikin waɗanda suka turo mini har da wanda ya sa ranar.