Hasken da Ya Dushe a Ɗakin Malam Barmo

Ku matso ku ji, amma sai na kai aya za ku fara musu.

Akwai wani tsohon malamin kimiyya, Malam Barmo, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa kan wani magani da ya tace daga ɓawon itace. Maganin ya ƙi narkewa a ruwa, kamar man gyaɗa. Malam ya yi imani akwai mafita: wasu zobba na sukari da ake samu daga sitaci, waɗanda ido ba ya gani. Bayansu na son ruwa, cikinsu ba ya so. In maganin ya shige cikin zoben, ruwa zai ɗauke shi. Sai dai kafin ya tabbatar, idanunsa suka fara mutuwa, har ya zama haske da duhu kawai yake bambancewa. Likita ya ce wannan ma ba zai daɗe ba.

Ɗalibansa uku suka ce sai ya gani.

Nafi'u ya ɗauki aikin zobban. Ya yi ta sarrafa sitacin rogo, yana lalacewa yana sakewa, har 'yan ajinsu suka laƙaba masa Mai Koko. Damina ta wuce kafin ya samu farin garin zobban tsantsa.

Rakiya kuwa rini ta nemo, mai hali irin na amarya: a fili cikin ruwa ba ya nuna kansa, amma da ya shiga cikin zobe sai ya yi ƙyalli. Ita ta lissafa cewa in maganin ya shiga, dole ya turo rinin waje, ƙyallin ya ragu. Raguwar ita ce shaidar.

Ishaya ya ga Malam ba ya iya zuwa ɗakin gwaji, sai ya kai masa gwajin gida. Ya aro fitilar da ake gane jabun kuɗi da ita, ya toshe tagogi da barguna tsakar rana, ya kuma nace a cika kwalba biyu da ruwan zobba da rini, alhali sauran sun ce ɗaya ta isa.

Aka kunna fitila, ruwan ya yi ƙyalli. Malam ya kai fuskarsa dab da kwalba ta farko.

"Ina ganinsa," ya ce a hankali.

Rakiya ta ɗiga maganin a ciki. Ƙyallin ya soma ja da baya. Malam ya laluba ya kama hannun Nafi'u.

"'Ya'yana, kun makara kaɗan. Idon ne ya tafi."

Ishaya ya turo kwalba ta biyu, wadda ba a sa wa magani ba, ya ajiye kusa da ta farko.

"Baba, wannan fa?"

Tsohon ya daɗe yana kallo. "Wannan tana ci."

"To idonka na nan. Maganinka ne ya shiga gida."

Malam ya yi dariya har hawaye suka jiƙa gemunsa. Kafin sallah ganinsa ya ɗauke gaba ɗaya, bai kuwa yi ƙorafi ba.

Ya kira su, ya ciro 'yar kwalbar gwajin da nasa malamin ya bar masa. Ya ce, "Guda ce, ba ta rabuwa. Ta wanda ya nuna mini ce."

Ba zobe, rini ba ya ƙyalli. Ba rini, babu abin kallo. Ba kwalba ta biyu, da Malam ya ɗauki nasararsa makanta.

To, a tafin wa za ku sa kwalbar?