Mutumin da Ya Tsaya wa Kansa Shaida

An yi wani mutum a nan ƙasar Daura. Ba zan kama sunansa ba, domin yana raye, kuma yana da 'ya'ya. Sana'arsa gina shafukan intanet. Allah ya hore masa basira, shi kuwa ya cakuɗa ta da girman kai.

Malama Barakatu, wadda mata ke kai wa tambayoyin da kunya ke hana su furtawa, ta neme shi ya buɗe mata shafi, domin matan ƙauye su riƙa rubuto mata ta waya. Sharaɗi ɗaya ta gindaya: kada idon kowa ya kai ga saƙonnin nan. Ya rantse mata da Allah.

Ya 'yan uwa, irin wannan shafi sai da takardar shaidar tsaro. Wata amintacciyar hukuma ce ke bincika, ta sa hannu cewa shafin na masu shi ne. Mutumin nan ya nema sau biyu, aikin ya ƙi. Akwai Maliki, abokin sana'arsa a Katsina, wanda zai warware masa a zama ɗaya. Amma ina! A ji shi yana tambayar Maliki? Sai ya rubuta takardar da kansa, ya sa mata hannu da kansa. Wane alƙali ne zai karɓi mutum a matsayin mai shaidar kansa?

Wayoyi ma ba su karɓa ba. Duk wadda ta buɗe shafin, sai gargaɗi ya fito cewa ba a aminta da shi ba. Da Malama ta yi magana, ya ce tsoro ne kawai irin na na'ura. Ya bi makarantun matan aure ɗaya bayan ɗaya, har garin Mashi, yana nuna musu inda za su danna su wuce.

Bayan wata bakwai wani ɓata-gari ya shiga tsakani, ya kafa shafi mai kama da na Malama. Gargaɗi ya fito, wannan karo a kan ɓarawo na gaske. Mata suka danna suka wuce, kamar yadda aka koya musu.

Ba a yi mako ba asiransu suka fara yawo a wayoyin gari. A ciki har da saƙon Rauda, ƙanwar mutumin nan, kan wata lalura da ko mijinta bai sani ba. Mijin ya ji a majalisa. Ya ce ta je gida tukuna.

Yayan nata ya same ta a tsakar gidan mahaifiyarsu tana tsince wake. Ya fara zancen mugayen mutanen zamani. Ba ta ɗago kai ba.

"Yaya, ai wayar ta faɗa mini gaskiya. Kai na bi."

Daga nan babu wanda ya ƙara ba shi aiki. Ya rufe shago. Yanzu a wani masallaci na bayan gari yake salla, inda ba a san shi ba.

Na gaji da ganin irin wannan, ya bayin Allah. Mutumin nan bai saci sirrin kowa ba. Tambaya ɗaya ya ƙi yi, kuma domin ya rufe gazawarsa ya koya wa mutane raina gargaɗi. Wanda aka ba amana, abin da bai sani ba wajibinsa ne ya tambaya.

Ya Ubangiji, ka kiyaye mu daga girman kai, ka rufa asirin bayinka mata, kada ka sa mu zama sanadin tonuwarsa. Amin.