Gadon Kwali a Ɗakin Inna

"Ku ba ni akurkin kaji da yini guda, in mayar muku da shi ɗakin da mai kuɗi zai roƙa a bar shi ya kwana." Wannan ita ce waƙar Ɗan Kwalisa duk inda ya zauna. Sana'arsa shirya ɗakunan kwana. In dillali zai sayar da gida, ko mai gida zai ba 'yan hutu haya, shi ake kira ya shimfiɗa farin zanin gado, ya jera matasai, ya ajiye fitila a gefe, a ɗauki hoto. Maganar Allah, yana da idon gane ado. Aibinsa ɗaya ne: bai san inda ado ya tsaya ba, inda rufa-ido ya fara.

Shekara biyu bayan rasuwar Inna, 'ya'yanta, har da shi Ɗan Kwalisa wanda shi ne autansu, suka yanke shawarar sayar da gidan da suka tashi a ciki. Kowa ya yi nisa, rufi ya fara yoyo, ba mai zama. Mutum biyu suka nuna sha'awa. Na farko ɗan kasuwa ne da ya faɗa ba kunya cewa rushewa zai yi ya jera shaguna. Na biyu wani dattijo ne, tsohon direban jirgin ƙasa, mai neman inda zai huta da matarsa. Ya zo shi kaɗai ya zaga, ya daɗe tsaye a ɗakin Inna, sannan ya ce ranar Asabar zai kawo uwargida, in ta yarda an gama.

Yaya Babba, wadda ita ce ta fari, har ƙwalla ta yi don murna. Burinta kenan, gidan ya faɗa hannun wanda zai riƙa share tsakar gida, ba wanda zai kawo katafila ba.

Ɗakin Inna ba wani babba ba ne. Akwai gadon ƙarfe mai ƙara, wanda duk wanda zazzaɓi ya kama a cikinsu a kai ya warke. Akwai keken ɗinki a lungu, da taga guda mai kallon bishiyar gwaiba. A jikin ƙofa akwai zane-zanen ƙusa inda Inna ke auna tsawonsu. Sai kuma wata tsaga a bango, daga sama har kusan ƙasa, wadda suna yara suke cusa wa takardun jarrabawar da suka faɗi.

"Auta," in ji Yaya Babba, don ita har gobe haka take kiransa duk da furfurarsa, "shara kawai za ka yi, ka buɗe taga iska ta shiga. Kar ka taɓa komai."

"Haba Yaya! Wannan gadon da in sauro ya sauka a kai sai maƙwabta sun ji? Mata fa ido suke saye da shi. Ki bar wa masu sana'a sana'arsu."

"Ni dai na faɗa maka."

"Kin faɗa, na ji, Allah ya saka."

Tana juya baya ya kwance gadon ƙarfen ya kai shi ɗakin ajiya, keken ɗinki ya bi shi. Da ya ɗaga katifar, ƙanshin man zafin Inna ya taso, sai da ya tsaya jim. Amma ya girgiza kai ya ci gaba. Ya shafe zanen ƙofa da fenti. Ya je shagon masu firji ya kwaso manyan kwalaye shida, ya jera su, ya ɗaure da igiya, ya ɗora siririn soso a kai, ya lulluɓe da zanin gado mai sauka har ƙasa. Sai ga gado ya fito ƙato, kamar na otal. Wannan dabarar ya sha yin ta, don a hoto ba wanda ke zama a kan gado. Tsagar bango kuwa, ya kafa sanda ya rataya mata labule mai ruwan zuma, daidai da na tagar gaske. Ɗaki mai taga ɗaya ya wayi gari da biyu.

Ranar Asabar da hantsi gida ya cika. 'Yan'uwa sun zo, dillali ya zo, maƙwabta ma sun shigo wai gaisuwa, alhali kallo ya kawo su. Yaya Babba ta leƙa ɗakin ta dafe ƙirji.

"Auta, ina gadon Inna?"

"Yana hutawa. Ki yi murmushi, ga su nan."

Dattijo ya shigo riƙe da hannun matarsa, mace mai jiki, tana dogara sanda saboda ciwon gwiwa. Ɗan Kwalisa ya sha gabansu yana zuba.

"Mama, sannu da zuwa. Dubi haske! Dubi fili! Nan in kika kwanta, sai an yi da gaske za a tashe ki."

Dattijo ya tsaya yana waige-waige. "Ɗana, wannan ne ɗakin da na gani kuwa? Ina gadon ƙarfen nan? Tun a hanya nake ba ta labari, irin wanda muka fara aure da shi ne."

"Ai Baba an ci gaba."

"To madalla," in ji matar. "Ni dai gwiwar nan ta ishe ni. Bari in ɗan zauna."

"Mama, ga kujera a..."

Bai ƙarasa ba. Ta juya ta saki jikinta gaba ɗaya a tsakiyar gadon. Aka ji ɓurum! Gado ya haɗiye ta. Matasai suka rufto, sanda ta yi gefe, ba abin da ake gani sai tafin ƙafafunta biyu da hoton firji a jikin kwali.

"Wayyo bayana! Malam, rami ne! Rami suka haƙa!"

Sai da mutum huɗu suka taru aka ciro ta, tana haki, ɗankwali a karkace. Allah ya kiyaye ba ta karye ba. Wata maƙwabciya ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa.

"A ba ta iska!" in ji dattijo. Ya yi wuf ya yaye labule mai ruwan zuma. Ba taga. Bango ne, da tsagarsa tana kallon kowa.

Dattijo ya daɗe yana duban bangon, sannan ya juyo a hankali.

"Ɗana, wannan tsagar na gan ta tun ranar farko. Har na yi magana da magini, ya ce aikin kwana biyu ne. Ba ta dame ni ba. Amma yanzu faɗa min, me kuma ka rataya wa labule a gidan nan?"

"Wallahi Baba, shi kenan, ado ne kawai..."

"Da wane ido zan yarda?"

Ya ɗauko wa matarsa sandarta, suka fita sannu a hankali. Dillali ya zaro waya ya fara neman lambar mai shaguna. Yaya Babba ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta tsaya tana shafa sabon fentin ƙofa da yatsa. Shi kuwa Ɗan Kwalisa yana tsaye a tsakiyar kwalaye, matashi a hannu, jama'a sun zuba masa ido.

Darasin da ke ciki shi ne, gyara daban, ɓoyewa daban. Ba laifi ba ne ka share ɗaki, ka yi shimfiɗa mai kyau, ka buɗe taga don mai saye ya ga alherin wuri. Amma ranar da ka rufe aibi don kada a gani, ka sayar da amanarka kafin ka sayar da gidan. Mutane suna iya zama da tsagaggen bango in an nuna musu shi, abin da ba sa iya zama da shi shi ne zargi. Yau inda bishiyar gwaibar Inna take a da, shagon sayar da tayoyi ne, kuma in Ɗan Kwalisa zai wuce ta layin, sai ya sauya hanya.