Kwalekwalen Baba Jatau

Ku gyara zama, yau da gardama na zo muku. Kai mai hamma, rufe bakinka!

A wani ƙauye a bakin kogin Kwara an yi wani tsohon masunci, Baba Jatau. 'Ya'yansa mata uku ne, babu namiji, duk sun yi aure. Tsohon nan kuwa ba ya ɓoye son kai. In surukinsa Shekarau ya zo gaisuwa, tsokar kifi ake kai masa. Suruki na biyu, Barau, ya samu wutsiya. Na ukun, Nomau, kuwa romo, wani lokacin ma sai sannu kawai. Kowa a garin ya san inda zuciyar tsoho ta karkata.

Ran nan tsoho da surukansa uku za su tsallaka kogi zuwa ta'aziyya da buhunan shinkafa. Tsoho ya shiga kwalekwalensa ya zauna can gaba. Kun dai san kunyar surukuta. Wa zai zauna kusa da shi har gwiwa ta taɓa gwiwa? Duk ukun suka tattare a baya, su da buhunan. Tsoho kuwa shafal kamar kara.

Suna kaiwa tsakiya, baya ya rinjayi gaba, hancin jirgi ya ɗaga sama.

"Kai, ku matso! Ɗaya ya matso nan!" in ji tsoho.

Ƙattin nan suka sunkuyar da kai, kowa yana jira wani ya fara. Innalillahi! Kunya fa, a tsakiyar kogi! Ruwa ya kwararo ta baya, jirgi ya kife, tsoho ya ɓace ɓat.

Barau ya yi nutso cikin zurfin da ko masunta ba sa shiga. Ya laluba, hannunsa ya faɗa kan gemu. Gemun surukinsa, jama'a! Ya damƙe, ya finciko shi sama.

Amma ruwa yana ja, Barau ya gaji, su biyun za su tafi. Nomau, mai shan romo, shi kaɗai ya birkito jirgin, ya kwashe ruwan da hularsa, ya tuƙa da tafin hannu har ya cim musu ya jawo su ciki.

A gaɓa tsoho ba ya numfashi, mata har sun fara salati. Shekarau ya haye ruwan cikinsa, ya danna, ya sa baki a bakinsa yana hurawa. Mutane suka kau da kai, wata tsohuwa ta ɗora hannu a ka. Can sai tsoho ya yi tari, ya amayo ruwa.

Da ya dawo hayyacinsa, kuka ya yi. Ya ce, "Yadda na ɗora wa jirgin nan kaya, haka na ɗora wa gidana. Na bar kogi. Jirgina kaɗai na mallaka, zan ba wanda ya cece ni. In an tsaga shi uku kuwa, itacen girki ne."

'Ya'yansa uku suna tsaye, kowace ta kafe shi da ido. In ya ba Shekarau, a ce halin nan dai. In ya ba Nomau, a ce kunya ce ta sa ya biya romo. In ya ba Barau, biyu su juya masa baya.

To, ku da kuka iya magana, wa tsohon nan zai miƙa wa jirgin, gidansa bai sake kifewa ba?