Gaisuwar Toka

A wani zamani mai nisa, tun kakannin kakanninmu suna goye, an yi birane uku a bakin rafi ɗaya. Birnin Tudu na sama, Birnin Maƙera na tsakiya, Birnin Fadama na can ƙasa inda ruwa ke yin kwance. Mutanen Tudu suna da wata al'ada da suke alfahari da ita. Duk shekara, in hadarin farko ya haɗu, sai a buga ganga, kowane gida ya kwashe jujinsa ya zuba cikin busasshen rafi, ruwan farko ya yi gaba da shi. Gari ya waye tas, maroƙa su yi ta kirarin birnin da ba ya kwana da dauɗa. Mutanen Maƙera su ma su ƙara nasu a kai. Ba wanda ya taɓa tambayar inda abin ke tsayawa.

A Fadama yake tsayawa. Rijiyoyinsu suka ɓaci, ciwon ciki ya yi ta ɗibar yara. Sarki Nomau na Fadama ya yi aike har ya gaji, ba a saurare shi ba. Sai ya rufe ƙofofinsa, ya rantse ba mutumin Tudu ko na Maƙera da zai sake taka garinsa, ba kuma nasa da zai je wurinsu.

Wannan rantsuwa ba wanda ta ci kamar Barmo, Wazirin Tudu. Yayarsa Kuluwa, wadda ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, a Fadama take aure. Da can duk kaka yakan je ya yi mata kwanaki, ya cire rawani, ya zauna a tabarmarta tana yi masa faɗa kamar yaro. Yanzu shekaru sun tura. In an tashi daga fada da la'asar, sai ya hau ganuwa ya tsaya yana duban kudu, inda kawunan giginyar Fadama ke ɗan bayyana. Fatake kuwa sun gaya masa idanunta sun fara dushewa.

Ana nan, wata shekara aka zuba juji kamar yadda aka saba, hadari ya haɗu, ya yi yayyafi ya watse. Juji ya jiƙa, bai motsa ba. Ya zauna a ƙofar gari yana ruɓewa, ƙudaje suka cika kasuwa, yaran Tudu suka fara kwanciya. Sarki Jatau na Tudu ya tara fadawa ya ce, “Ƙonawa ba ta yiwuwa, abin ya jiƙa. Mayar da shi gidaje abin kunya ne. Rafi ya ƙi karɓa. Ku gaya mini inda zan kai shi.”

Aka yi ta magana ba a tsai da komai ba. Waziri dai idonsa na kan wani falke da ya zo gaisuwa, sanye da riga rinin Fadama, amma shuɗin ya koɗe kamar an wanke shi shekara goma. Da aka tashi ya kira shi gefe ya tambaye shi. Falke ya ce, “Ranka ya daɗe, sabuwa ce. Itace ya ƙare a dajin Fadama, marina sun rasa tokar kirki, rijiyoyin rini duk sun mutu.”

Washegari Waziri ya faɗi gaban Sarki ya ce, “Allah ya ja zamaninka, a ba ni jakuna da mata masu rariya. Zan kai wa Sarkin Fadama gaisuwa.”

“Gaisuwar me?”

“Toka, ranka ya daɗe.”

Sarki ya dube shi ya ce, “Waziri, in kewar yayarka ce ta taɓa maka hankali, ka faɗa mini. Nomau zai sare kan duk wanda ya kai masa wannan.”

“Shi ya sa ba zan aiki kowa ba. Ni zan je.”

Aka bi murhun gari gida gida, aka tara toka, aka tankaɗe ta har ta yi laushi kamar garin tuwo. Aka zuba a sababbin ƙorai, aka rufe da faifai masu ado. Waziri ya bi bayan jakuna har ƙofar Fadama, ya tsaya a waje ya ce a gaya wa Sarki ga gaisuwa. A al'adar ƙasar nan kuwa, sarki ba ya mai da gaisuwa bai buɗe ba, in kuma ya amfana da ita, dole ya ba da tukwici.

Sarki Nomau ya fito da kansa. Aka ɗaga faifai, fuskarsa ta canza. Ya ce, “Barmo, kun gaji da aiko mana ta ruwa, yanzu kun ɗora ta a jaki?”

“Allah ya taimake ka, wadda ruwa ke kawowa tana zuwa ne haɗe da mushe da tsumma, shi ya sa ta zama cuta. Wannan ita kaɗai ta zo. A kira Sarkin Marina ya gwada. In rijiyarsa ba ta tashi ba, ga wuyana.”

Sarki ya ce, “Na karɓi wuyan.”

Aka shigar da Waziri a matsayin ɗaurarre, aka tsare shi a wani soro na bayan fada, aka hana kowa ganinsa. Waɗannan kwanaki sun fi masa shekarun baya tsawo. Yana jin dakan matan gari da hantsi, yana ƙoƙarin rarrabe wace taɓarya ce ta gidan Kuluwa, alhali ya san ta daina daka tuntuni. Wata rana dogari ya shigo da akushi ya ajiye ya fita. Tuwon dawa ne da miyar kalkashi, daddawa ta ɗan yi yawa, kamar yadda hannu ɗaya tak a duniya yake sakawa. Waziri ya yi loma ɗaya, ya gane hannun Kuluwa.

Rijiyar rini ta tashi. Sarkin Marina ya shigo fada da zane yana ɗigar shuɗi har yana ƙyalli. Tukwici ya wajaba a kan Sarki Nomau, amma fushinsa bai huce ba. Ya ce, “Tunda shara ce gaisuwar Tudu, a cika mangalolinsa da kashin shanunmu, ya kai wa ubangidansa.” Aka fitar da Waziri ta ƙofar da ya shigo, ba a bar shi ya bi ta unguwar yayarsa ba. Ya waiwaya har ganuwa ta ɓace masa.

Abin da Sarkin Fadama bai sani ba, gonakin Tudu jigawa ne da suka gaji, taki suke nema ido rufe. Waziri ya sa aka baza shi a gonar Sarki. Ya kuma sa aka tone jujin nan na ƙofar gari, aka ware guntayen fartanya da karyayyun wuƙaƙe, aka kai wa Sarkin Maƙera gaisuwa, maƙeransa suka karɓa hannu biyu. Da kaka ta yi, geron gonar Sarki ya fi mahayin doki tsawo. Marinan Fadama kuma tokarsu ta ƙare, suka dami Sarkinsu da kuka.

A ƙarshe sarakunan uku suka haɗu a inda iyakokinsu suka gamu. Suka yanke cewa ba mai ƙara zuba komai a rafi. Aka keɓe fili nesa da ruwa, kowane birni ya kawo jujinsa can, a rarraba: toka ta tafi Fadama, ƙarfe ya tafi Maƙera, taki ya hau Tudu, abin da ya rage a binne. Sarki Nomau ya ce da sauran magana, yaransa da suka mutu ba toka ce za ta biya su ba. Sarki Jatau ya sunkuyar da kai, ya amsa cewa mutanen Tudu da na Maƙera za su yashe rijiyoyin Fadama da hannunsu, shi ne kuma zai ɗauki kwandon farko. Da aka yashe ta ƙarshe, aka buɗe ƙofofi.

Waziri ya shiga Fadama a ƙasa, ba doki ba zagi. Ya sami Kuluwa zaune a bakin ɗakinta, fuskarta na fuskantar rana. Ya yi sallama.

Ta ce, “Wane ne?”

“Ni ne, Yaya.”

Ta juyo wajen muryar. Can ta ce, “Matso.” Ya durƙusa, ta lalubi fuskarsa, ta kama gemunsa tana murzawa a hankali. “Ka yi furfura, Barmo.”

“Yaya, ta yaya kika sani?”

“Kai dai an ce maka idona ne ya tafi, ba hankalina ba. Har yanzu rawanin nan na kanka? Cire shi ka zauna, ina da faɗan da na tara maka.”

Ya cire, ya zauna.